Crespo ɗan wasa da Crespo koci: wanne ya fi?

Wani matashi ya aiko min da tambaya kamar haka: "Yaya, na ga Hernán Crespo a bakin fili ranar da Al Ain ta fitar da Al Nassr ɗin Ronaldo. Manyanmu a gidan kallo suna cewa a zamaninsa ba ƙaramin lamba tara ba ne, amma ban taɓa jin an sa shi sahun su Batistuta ba. Wane irin ɗan wasa ne? Kuma kocin kirki ne, ko sa'a ce kawai take binsa?"

To ƙanena, manyan naku ba su yi maka ƙarya ba. Crespo yana cikin 'yan gaba mafi wayo da na taɓa kallo, sai dai kusan duk inda ya je yakan tarar da wani a gabansa, kuma wannan ne ya rage masa suna. A koci kuwa, mutum ne da ya iya ɗaukar kofi cikin 'yan watanni, amma har yanzu bai nuna mana zai iya riƙe ƙungiya shekara biyu cur ba. Ni a ganina abu guda ne ya haɗa Crespo na cikin fili da na bakin fili, wato sanin inda ya kamata mutum ya tsaya kafin ƙwallo ta iso. Bari in bi maka shi tun daga tushe.

An haife shi ranar 5 ga Yuli, 1975, a wani gari da ake kira Florida a gefen birnin Buenos Aires (ba Florida ta Amurka ba). A River Plate ya tashi, kuma Daniel Passarella ne ya fara sa shi a babbar ƙungiya a 1993. 'Yan Ajantina suka laƙaba masa "Valdanito", wato ƙaramin Valdano, don ya yi musu kama da Jorge Valdano wanda ya ci kofin duniya tare da Maradona a 1986. A 1996, yana ɗan shekara 20, River ta kai wasan ƙarshe na Copa Libertadores, wadda ita ce gasar zakarun Kudancin Amurka. América de Cali ta Kolombiya ta ci wasan farko 1-0. A wasa na biyu a filin Monumental, River ta ci 2-0, kuma duka biyun Crespo ne ya zura. Kocin River a lokacin Ramón Díaz ne. Ka riƙe sunan nan, zai dawo.

Mu nan gida, watan Agusta na wannan shekarar muka san shi, kuma ba da daɗi ba. Ranar 3 ga Agusta, 1996, wasan ƙarshe na ƙwallon Olamfik ɗin Atlanta, Najeriya da Ajantina. Claudio López ya ci tun minti na 3, Celestine Babayaro ya farke da ka. Da aka dawo hutun rabin lokaci Ortega ya faɗi a gaban Taribo West, Collina ya nuna fenariti, Crespo ya buga ya ci. Mun zauna jugum har sai da Amokachi ya farke, sannan a minti na ƙarshe Oruma ya bugo firikik, 'yan bayan Ajantina suka ruga gaba don su kama mu da satar gida, tarkon bai kama ba, Amunike ya juya ya narka ta a raga. 3-2. 'Yan Kaduna suna da abin taƙama a tawagar nan, don Babayaro da Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal duk 'yan garin ne. Crespo ya koma da azurfa, amma shi da Bebeto na Birazil ne suka fi kowa cin ƙwallo a gasar, 6 kowannensu.

Daga nan sai Parma. A wancan zamani Siriya A ce uwar gasanni, kuma ɗan gaba ba ya shan wuya a ko'ina kamar yadda yake sha a Italiya. Watanninsa na farko ƙwallo ta ƙi shiga, magoya baya suna yi masa ihu, amma Carlo Ancelotti, wanda shi ma lokacin sabon koci ne, ya ƙi ajiye shi a benci. Kafin kaka ta ƙare ya ci 12, Parma ta zo ta biyu a bayan Juventus. Ka dubi mutanen da ya yi wasa da su a shekarun nan: Buffon a raga, Thuram da Cannavaro a baya, Verón a tsakiya, Enrico Chiesa a gefensa. A 1999 suka ɗauki kofin Italiya da kofin UEFA, inda suka lallasa Marseille 3-0 a Masko, Crespo ne ya buɗe raga.

Wane irin ɗan wasa ne? Ba shi da tsawar ƙafar Batistuta, ba shi da ƙirjin Drogba, ba ya yanke mutum uku kamar Ronaldo na Birazil. In ka bi ƙwallayensa za ka ga yawancinsu taɓawa ɗaya ce, a cikin da'irar gola, sau da yawa a turken kusa. Sirrin yana cikin daƙiƙa biyu kafin a bugo ƙwallon. Zai laɓe a bayan kafaɗar ɗan baya inda ba a ganinsa, ya yi kamar zai nufi turken nesa, ɗan baya ya juya kai ya duba ƙwallo, kafin ya waiwayo Crespo ya riga ya tsallako gabansa. Yana ci da dama, yana ci da hagu, yana ci da ka, yana ci da dunduniya. Abin da ake kushe masa shi ne yawan faɗawa satar gida, kuma gaskiya ne, amma wanda yake rayuwa a kan layin 'yan baya dole tuta ta riƙa kama shi. Da an yi zamaninsa da na'urar VAR, da wasu ƙwallayen sun tafi, wasu kuma da aka hana shi da sun dawo.

A Yulin 2000 Lazio ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 35, kuɗi haɗe da 'yan wasa biyu, Matías Almeyda da Sérgio Conceição. Ba a taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba a duniya. Kambun bai kwana da yawa a kansa ba, don kafin watan ya ƙare Real Madrid ta ɗauke Figo daga Barcelona a kan abin da ya fi haka. Amma ya biya Lazio kuɗinta: ƙwallo 26 a kakar 2000/01, ya fi kowa a Siriya A.

A nan akwai abin da masu cewa "ai Crespo ba ya zama wuri ɗaya" ba sa lura da shi. Parma kuɗin madara ne ya gina ta, na kamfanin Parmalat. Lazio kuɗin tumatirin gwangwani ne, na kamfanin Cirio na Sergio Cragnotti. Duka kamfanonin biyu sun durƙushe a farkon shekarun 2000. Ranar ƙarshe ta kasuwar 'yan wasa a Agustan 2002, Lazio ta sayar da Nesta ga Milan, ta sayar da Crespo ga Inter, don ta samu na biyan bashi. Ba shi ya zaɓi yawo ba, kadara ce mai tsada a hannun masu neman kuɗi ido rufe.

Daga nan rayuwarsa ta zama ta cike gurbin wani ko jiran wani. A Inter gurbin Ronaldo na Birazil aka kawo shi ya cike, kusa da Vieri. Ya ci 9 a Gasar Zakarun Turai a kakar nan duk da raunin da ya ajiye shi watanni. A 2003 Abramovich ya sayi Chelsea, Inter ta sayar da shi can a kan fam miliyan 16.8. Bayan shekara guda Mourinho ya zo da Drogba, aka ba da Crespo aro ga Milan, inda Shevchenko yake sarauta. Ya koma Chelsea a 2005 ya ci Firimiya da su, yana raba wasanni da Drogba. Tsofaffin 'yan Chelsea za su tuna ƙwallon da ya ɗirka wa Wigan da hagu a minti na ƙarshe a wasan farko na kakar. Ya sake komawa Inter ya ɗauki Siriya A sau uku a jere, 2007 zuwa 2009, amma sunan Ibrahimović ake kira. Ya ɗan taɓa Genoa, ya ƙarasa a Parma a 2012, inda har yau shi ne ya fi kowa ci mata ƙwallo, 94.

A tawagar ƙasa abin ya fi ciwo. Ya ci 35 a wasa 64, wanda ko Maradona 34 ya tsaya. Amma shekarun da yake kan ganiyarsa sun faɗo a zamanin Marcelo Bielsa, shi kuwa Bielsa lamba tara ɗaya yake sawa da 'yan gefe biyu, ya kafe cewa Batistuta da Crespo ba za su shiga tare ba. Crespo da Agustín Delgado na Ekwado ne suka fi kowa ci a wasannin share fagen kofin duniya na 2002 na Kudancin Amurka, 9 kowannensu, amma da aka je Japan benci Crespo ya zauna. Wasanmu da su, Batistuta ya sa wa Ike Shorunmu ƙwallo da ka, sai can kusa da tashi aka cire shi aka sa Crespo. Haka aka yi da Ingila, haka aka yi da Siwidin, har ranar da suke neman ƙwallo kamar ruwa a sahara. Crespo ya farke wa Ajantina a wasan Siwidin saura minti biyu, amma bakin alƙalami ya bushe, aka koro su tun daga rukuni. Ni har yau ina ganin taurin kan Bielsa ne ya ci su. Sai a 2006, yana shekara 30, ya samu rigar ta zama tasa. Ya ci 3 a Jamus, kuma shi ne ya mayar wa Cambiasso ƙwallo da dunduniya a waccan shahararriyar ƙwallo da suka ci Sabiya da Montenegro bayan taɓe-taɓe sama da 20.

Amma in kana son ka ga Crespo a taƙaice, ka nemi wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Santambul, na 25 ga Mayu, 2005, Milan da Liverpool. Shi ne ya fitar da Manchester United a zagayen 'yan 16, ƙwallo ɗaya a Old Trafford, ɗaya a San Siro. A wasan ƙarshen Maldini ya ci a minti na farko, Crespo ya ƙara a na 39 daga hannun Shevchenko. Ta ukun ce abin kallo. Kaká ya juya a tsakiyar fili ya zare ƙwallo doguwa a ƙasa, Carragher ya miƙe ƙafa iya miƙewa bai taɓa ta ba, Dudek ya fito, Crespo bai ko tsayar da ita ba, ya sa mata gefen ƙafar dama ta tsallake golan ta faɗa raga. In ka mayar da hoton baya za ka ga ya fara gudu tun Kaká bai gama juyawa ba. A gidan kallon da nake, wasu 'yan Liverpool sun tashi sun tafi gida a hutun rabin lokaci. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Gerrard, Šmicer, Alonso suka farke wa Liverpool cikin minti shida, sannan ta ɗauki kofin a bugun fenariti. Mutum ya ci biyu a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, amma in an tuna daren sai a ce Gerrard da Dudek.

Yanzu ɓangaren koci. Galibi manyan 'yan gaba ba sa yin kocin kirki, kuma dalilin a fili yake. Abin da ya sa suka yi fice baiwa ce ta jiki, ba ta koyuwa, kuma sun saba kowa yana yi musu aiki. Shi ya sa manyan kociyoyi suka fi fitowa daga 'yan tsakiya da 'yan baya. Ajantina tana da waɗanda suka karya wannan ƙa'ida, irin su Carlos Bianchi da Ramón Díaz. Crespo ya shigo da jari iri biyu. Na farko, abin da ya iya abin koyarwa ne: ina za ka tsaya, yaushe za ka motsa. Na biyu, ya san zafin benci, kuma ya zauna a gaban Passarella, Ancelotti, Eriksson, Bielsa, Cúper, Ranieri, Mourinho, Pékerman da Mancini. Ba kowa ke samun malamai irin waɗannan ba.

Duk da haka farkon bai yi kyau ba. Ya horar da matasan Parma a kakar 2014/15, shekarar da kulob ɗin ya tsiyace. Modena ta rukuni na biyu a Italiya ta ɗauke shi a 2015, ta kore shi a Maris 2016. Banfield ta Ajantina ta ɗauke shi a ƙarshen 2018, ta sallame shi a Satumban 2019. A lokacin da yawa sun rufe littafinsa.

Defensa y Justicia ce ta buɗe shi. Ƙaramar ƙungiya ce daga Florencio Varela, a kudancin Buenos Aires, wadda sai a 2014 ta fara hawa babban rukuni, ba ta da kofi ko ɗaya, kuma da 'yan wasan aro take rayuwa. Crespo ya karɓe ta a Janairun 2020. Ya sa 'yan baya uku, ya ce a fara gina wasa tun daga gola, a matsa wa abokin hamayya a gidansa. Akwai wani Braian Romero, ɗan gefe da ba a damu da shi ba a Independiente. Crespo ya mayar da shi lamba tara, ya ci 10 a gasar Copa Sudamericana, ƙanwar Libertadores, ya fi kowa. A tsakiya kuma akwai wani yaro ɗan shekara 19 da aka aro daga River, Enzo Fernández, wanda Chelsea ta saya daga baya a kan sama da fam miliyan 100. Suka fitar da Vasco da Gama da Bahia na Birazil, sannan ranar 23 ga Janairu, 2021, a Córdoba, fili babu 'yan kallo saboda korona, suka casa Lanús 3-0 a wasan ƙarshe. A wurina wannan ne aikinsa mafi tsafta, domin babu kuɗi, babu suna, sai tsari.

São Paulo ta ɗauke shi bayan 'yan makonni. Babbar ƙungiya ce da rabonta da kofi tun 2012. A Mayun 2021 ya doke Palmeiras a wasan ƙarshe na gasar jihar São Paulo, kofin da ba su ɗauka ba tun 2005. Amma sun zuba duk ƙarfinsu a gasar jiha, da aka shiga gasar ƙasa 'yan wasa sun gaji, rauni ya yi yawa, suka daɗe suna lilo a ƙasan tebur. Palmeiras ta rama ta fitar da su a Libertadores. A Oktoba aka raba gari.

Sai Katar. A Al-Duhail ya ci gasar ƙasar ta 2022/23 da wasu kofuna biyu. Ba zan ba shi ladan Michael Olunga na Kenya ba, domin Olunga yana cin ƙwallo tun kafin ya zo, kuma Al-Duhail ba talakar ƙungiya ba ce. Abin da na fi tunawa shi ne wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Asiya a Fabrairun 2023, inda Al Hilal ta yi musu 7-0 a Doha. Odion Ighalo ya ci 4. Kocin Al Hilal a ranar kuwa Ramón Díaz ne, tsohon ubangidansa na River. Wannan wasan ya tona raunin Crespo: yana son 'yan bayansa su hau sama, kuma in abin ya fara tsagewa ba ya saurin ɗinkewa.

Abin da ya burge ni a Al Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa shi ne ya koyi darasin. Ya karɓe ta a Nuwamban 2023, ya san ba shi da 'yan wasan da za su yi musayar ƙwallo da attajiran Saudiyya, sai ya ja da baya, ya bar musu ƙwallo, ya jira su da gudu. Ya sake yin abin da ya yi da Romero: Soufiane Rahimi na Moroko ɗan gefe ne, ya tura shi tsakiya. A gasar Zakarun Asiya Rahimi ya ci Al Nassr 3 a wasanni biyu, aka je fenariti Al Ain ta wuce. Wancan ne wasan da ka gani. A zagaye na gaba suka haɗu da Al Hilal ɗin Jorge Jesus, wadda ta ci wasa 34 a jere, abin da ba a taɓa yi ba a duniya. Al Ain ta doke ta 4-2, Rahimi ya ci 3. Ya gama gasar da 13. Sa'a tana iya ba ka wasa ɗaya, ba ta juya maka ɗan gefe ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a nahiya har sau biyu, a nahiyoyi biyu.

Amma ka lissafa zamansa. Modena wata tara, Banfield kusan haka, Defensa shekara guda, São Paulo wata takwas, Al-Duhail shekara ɗaya da rabi, Al Ain shekara guda. A kakar da ya ci Asiya, Al Wasl ce ta ɗauke gasar cikin gida. Wata biyar da 'yan kwanaki bayan kofin, Al Ahly ta yi musu 3-0 a Alƙahira, Al Nassr ta rama da 5-1, aka kore shi a Nuwamban 2024. Wani ɓangare na laifin na wuraren da yake aiki ne, don a Birazil da ƙasashen Larabawa korar koci ba ta fi sauya riga wuya ba. Amma wani ɓangaren nasa ne. Salon da yake so yana cin jiki, kuma ya fi iya shirya wa abokin hamayya ɗaya tarko na wasa biyu fiye da jan ƙungiya mako-mako har wata goma. São Paulo ta sake kiransa a Yunin 2025, ya gaji Luis Zubeldía, wanda shi ne kocin Lanús ɗin da ya casa a Córdoba. In ka ce in zaɓa, Crespo ɗan wasa yana gaba da Crespo koci da tazara, domin wancan ya yi fice a Siriya A lokacin da ta fi kowace gasa wuya, wannan kuwa bai taɓa riƙe ƙungiya a babban rukunin wata ƙasar Turai ba.

Na bar maka wasan ƙarshe na Asiya da gangan. Al Ain ta haɗu da Yokohama F. Marinos ta Japan, kocinta kuwa Harry Kewell ne, wanda ya fara wasan Santambul a rigar Liverpool, ya ji rauni aka cire shi tun kafin Crespo ya ci ta farko, amma shi ya tafi gida da lambar zinare. Yokohama ta ci wasan farko 2-1. A wasa na biyu a filin Hazza bin Zayed, Rahimi ya ci biyu, Kaku ya ci fenariti, aka ba golan Yokohama jan kati, Kodjo Laba na Togo ya taso daga benci ya ƙara biyu. 5-1. Ranar 25 ga Mayu ce, 2024.